Fim ɗin Baba a Tankin Aro

Tun ina ƙarama na san akwai fim a cikin kyamarar Baba. Tana rataye a ƙusa a ɗakin Inna, cikin jakarta ta fata, ba mai taɓa ta sai gizo-gizo. Baba malamin dabbobi ne. Aikinsa ya kai shi Belbeji da kwarin Tarka da duk rijiyar da makiyaya ke sauka, kuma abin da yake ɗauka a hoto shi ne bakin saniya mai gyambo, kofaton da ya tsage, shaidar wuta a cinyar raƙumi. Baƙi da fari yake ɗauka, ya aika Damagaram a wanke. Kansa kuwa bai yarda a ɗauka ba. Da ya rasu, hotonsa ɗaya muka samu, na jikin katinsa, hatimi ya cinye rabin fuskar.

Amma ni ina riƙe da wata safiya. Ya sa sabon fim yana zaune a kan turmi a tsakar gidanmu na Tanut, ya ce na farko-farkon ba su da amfani, dama zubar da su ake yi. Ya ɗora mini kyamarar a hannu, ta yi mini nauyi, ya ce in danna. Na juya ta wajensa na danna. Wannan fim ɗin bai ƙarasa shi ba.

Shekaru suka wuce ban damu ba. Abin da ya tayar da ni idon Inna ne. Likita a Damagaram ya ce ba yanar ido ce kaɗai ba, jijiyar ce ke mutuwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta fara laluben bakin ƙofa, ta daina zura zare a allura. Wata rana ina taje mata kai, ta ce ba tare da ta juyo ba, “Wai wannan abin da ke rataye, babanki yana ciki da gaske?”

Na ce ina jin yana ciki.

Ta ce, “Ina so in gan shi tun ina iya gani.”

Daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ina cikin aji ina koyarwa, hankalina na kan ƙusar nan. Na tambayi masu hoton Tanut, duk suka yi dariya. Yanzu kowa da waya yake ɗauka, injin ya tofo masa takarda. Aka ce in aika babban birni, na ƙi. Fim ɗaya ne, kuma na san yadda kaya ke ɓacewa a tasha. Da aka ba mu hutu na shiga mota zuwa Damagaram, kyamarar a cinyata.

Na sami wani tsohon mai hoto da aka kwatanta mini a wani lungu bayan kasuwa. Shi ne dā yake wanke wa ma’aikata fim, yanzu hoton kati kawai yake yi. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya kara ta a kunne yana naɗe fim ɗin a hankali har ya koma cikin ƙwansonsa, sannan ya buɗe bayan.

Na ce, “Malam, za ka wanke mini?”

Ya nuna mini hannuwansa, suna rawa kamar ganyen da iska ke kaɗawa. “Ƴata, da waɗannan? Ko shayi sai an zuba mini. In na lalata miki shi, ina zan sa kaina? Sai dai in koya miki.”

Ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin tebur, ya fito da tanki biyu. Ban taɓa ganin irinsu ba. Na ɗauka tanki babban abu ne, ashe bai wuce gwangwanin madara ba. Ɗaya baƙi ne na roba, ɗaya na ƙarfe mai ƙyalli. Kowanne da kwarkwaro a cikinsa, wato abin da ake naɗa fim a kai don kada ya manne da juna, magani ya ratsa ko’ina. Dabarar tankin, in ji shi, tana ga murfi. Akwai babban murfi, wanda in an rufe shi a cikin duhu ba a sake buɗewa sai an gama. A samansa akwai ƙaramin marfi, ta nan ake zuba magani a zubar, ruwa ya shiga, haske bai shiga ba. Da zarar fim ya shiga an rufe, sauran aikin ko a tsakar rana a yi shi.

Ya ce in zaɓa.

Na roban ya fi sauƙi. Ana ɗan cusa bakin fim, a riƙa murza kwarkwaron gaba da baya, shi da kansa yake jawo shi ciki. Zuciyata ta tafi gare shi nan take. Amma tsohon ya taɓa tafin hannuna, ya ce, “Ke mai gumin hannu ce. Wannan in ya ji danshi ko kaɗan sai ya ƙi tafiya, ya tsaya miki a tsakiyar hanya cikin duhu, ki ja ya karye.” Na ƙarfen ba ruwansa da gumi, kuma in an tsoma shi a ruwan sanyi yana ɗaukar sanyin da sauri. Sai dai shi da hannu ake naɗa masa fim, daga tsakiya zuwa waje, ana ɗan lanƙwasa shi tsakanin yatsu. In ya goce daga layinsa ya kwanta a kan ɗan’uwansa, wurin nan ya tafi ke nan.

Na daɗe ina juya su. Na ajiye wannan na ɗauki wancan, na fita bakin ƙofa na dawo. Tsohon ya ce in zan ji tasa, in bari sai lokacin sanyi, don maganin ba ya son zafi, mu kuwa muna tsakiyar bazara. Na tuna Inna tana laluben bango. Na ce ba zan iya jira ba, na ɗauki na ƙarfen.

Ya haɗa mini da magani iri biyu, na farko mai fito da hoto, na biyu mai tsayar da shi, da ma’aunin zafi, da wani mataccen fim don in yi ta gwaji. Ya ce tankin aro ne, in na gama in dawo masa da shi, yana son ya riƙa ganinsa.

A gida na zama abin kallo. Safe da yamma ina zaune a gindin itacen bedi, ina naɗa mataccen fim a kwarkwaro, in saka a tanki, in rufe, in buɗe, in warware. Da farko da ido buɗe, daga baya na ɗaure fuskata da kallabi. Yatsuna suka koyi ƙarar da fim ke yi in ya hau daidai, wani ɗan shuu mai laushi, da ƙaras ɗin da yake yi in ya goce. Inna tana gefe a kan tabarma, tana saurare. Na yi mata bayanin komai, ba don tana tambaya ba, don bakina ya kasa yin shiru. Na gaya mata ranar da fim ɗin gaske ya shiga, babban murfin nan ya zama haram.

Ana cikin haka Goggo ta zo daga Tarka. Yayar Baba ce, mace mai ƙarfin murya da ƙarfin hannu, ba ta zuwa sai da kaya: cuku, man shanu a kwalba, busasshiyar kuɓewa. Ta tsaya a kaina tana kallona da kallabi a ido.

“Ƴar lekwal, duk bokon naki makanta ake koyo? Ɗaya ba ta ishe mu ba a gidan?”

Inna ta ce, “Yaya, ki bar mini ƴa. Ƙanenki take nema.”

“A cikin gwangwani? Ƙanena da ko ɗaki bai iya zama ba?” Ta karɓi tankin ta ƙwanƙwasa shi da farce. “Ƙarfe mai kyau. Na wa ne?”

Na ce aro ne, na wani dattijo a Damagaram.

Fuskarta ta canja. “Tun yaushe yake nan?”

Na ce ya ɗan kwana biyu.

“Kayan dattijo ya kwana biyu a gidanku, kuna wasa da shi a ƙasa. To me za ku sa masa a ciki?”

Na yi dariya, na ce ba irin wannan kwanon ba ne. Ta ce ita ba ta san wani kwano mai murfi da ake mayar wa mai shi wayam ba, ko a Tarka ko a Makka. A gidanmu haka aka tashe mu: maƙwabciya ta aiko da tuwo, kwanonta ba ya komawa sai da ɗan gero ko goro ko dabino. Na ji maganar Goggo, na bar ta ta wuce ta gefen kunnena, don hankalina na wani wuri.

Ranar da na sa, na tashi tun da safe ina kai da kawo. Na share mangaza, ɗakin da muke ajiye hatsi, wanda ba shi da taga. Na toshe ƙasan ƙofa da tsummoki, na rataya bargo biyu, na zauna ciki har idona ya saba, na ga wani siririn haske kamar zare ta saman ƙofar, na fito na toshe shi, na koma. Sai da duhun ya zama ba na ganin hannuna a gaban hancina, sannan na ɓalle ƙwanson fim ɗin.

Ban san duhu yana da nauyi ba sai ranar. Warin gero da ƙasa ya cika mini hanci, gumi na bin bayana kamar tururuwa. Fim ɗin ya shekara da shekaru a naɗe, ya ƙi miƙewa, yana murɗewa yana kama mini yatsu. Tsohon ya ce a yanke bakinsa kafin a soma, amma ni na san abin da nake nema yana daf da bakin nan, sai na yanke ɗan kaɗan, kamar mai yanke wa jariri farce. Na maƙala shi a tsakiyar kwarkwaro na fara juyawa. Ya yi ƙaras. Na warware. Na sake. Ina jin Goggo can waje tana faɗa da akuya. Sai shuu ɗin nan ya zo, ya ci gaba, ya ci gaba, har yatsana ya taɓa ƙarshen. Na saka a tanki, na danna babban murfi, ya ce ƙwas.

Na fito kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Na tsoma ma’auni a randa, ruwan ya fi abin da ake so zafi nesa ba kusa ba. Sai an sami ƙanƙara. Na ajiye tankin a ɗakin Inna, bayan randa, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, na ɗauki roba na fita.

An ɗauke wuta tun jiya, ashe. Mai butik na bakin layinmu ya buɗe mini firiji, ruwa ne kawai ke iyo a ciki. Na wuce na gaba, haka. Na bi ta bayan tasha, na tsallaka kwalta, rana tana dukan tsakiyar kaina, yashi na shiga takalmina yana ƙona ni. Kowane shago sai a ce in gwada na can. Ina tafiya ina waiwaye, ban san abin da nake waiwaya ba. A ƙarshe wata mai sayar da lamurje da ke da na’urar hasken rana ta ba ni dunƙule biyu, na naɗe su a zane na dawo da gudu-gudu, suna ɗiga a ƙafata.

Tun daga zaure na ji gidan ya yi shiru, irin shirun da ba na Goggo ba.

Na tarar da su a ɗakin Inna. Goggo na zaune a bakin gado, tankin a cinyarta, ta danne murfin da hannu biyu kamar wani abu zai tsere. A gefenta ga cuku an kakkarya shi ƙanana, daidai yadda zai shiga. Inna tana tsaye, abin da ba ta cika yi ba ita kaɗai, hannunta ɗaya a bango.

Goggo ta ce, “Direban gidan liman zai tafi Damagaram da la’asar. Na ce bari in sa wa bawan Allah ɗan abu.” Muryarta ta yi ƙasa. “Kullum ina ganinki kina buɗe shi a tsakar gida.”

Na tsaya a bakin ƙofa. Ƙanƙarar na narkewa a hannuna.

Inna ta ce, “Na ji ƙwas ɗin. Na ce mata rufe. Ta rufe.”

“Ban ma gama ɗagawa ba ta yi mini tsawa,” in ji Goggo. “Tunda aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai yau. Na ga wani abu a naɗe kamar hanjin kaza, shi ke nan.”

Na dubi ɗakin. Labule a sake yake, hasken ba shi da yawa, amma akwai shi, yana kwance a kan gado da kwanukan jere. Tsohon ya ce ƙiftawar ido ta isa. Na so in yi kuka, na so in fita in yi ta tafiya har Gangara. Amma ƙanƙarar ba za ta jira ni ba.

Na tace ruwa da farin ƙyalle saboda yashi, na jefa ƙanƙara, na zuba wa ma’auni ido har ya sauko. Na dama maganin farko, na tsoma tankin a ruwan sanyin ya ɗauka, na cire ƙaramin marfi na zuba. Na kifa tankin a hankali na miƙar, na kifa na miƙar, na ɗan buga gindinsa a ƙasa don kumfa ta saki fim ɗin. Sai jira, idona a kan agogon waya. Ban taɓa sanin mintoci masu tsawon waɗannan ba. Na tashi, na zauna, na sake kifawa. Goggo ta matso da mafici tana yi wa kwanon ruwan fifita, ba wanda ya sa ta.

“In ya lalace,” ta ce, ba ta dube ni ba, “ya mutu sau biyu ke nan, na biyun a hannuna.”

Inna ta ce, “Yaya, yi fifitarki.”

Na zubar da na farko, na ɗauraye, na zuba na biyu mai warin tsami. Da lokacinsa ya cika na sa hannu a babban murfin, na ji yatsuna sun ƙi. Sai da na rufe ido na ɗaga.

Na wanke fim ɗin ruwa bayan ruwa, har Goggo ta fara kallon randar da ke raguwa, ta haɗiye maganarta. Na warware shi a bakin ƙofa, yana ɗiga. Gefensa na sama baƙi ne wuluk tun daga farko har ƙarshe, kamar an bi shi da gawayi. Hotunan wajen, waɗanda suka fi kusa da jikin tankin, sun ƙone gaba ɗaya. Na bi shi da ido ina matsawa ciki: ga wani abu kamar ƙaho, ga ƙafafu huɗu cikin hazo, ga bakin rijiya da guga. Shanun Baba, rabi a nan rabi babu. Na ci gaba har bakin da na yanke.

A can, a wurin da ya fi nutsewa cikin kwarkwaro, akwai mutum a kan turmi.

Na rataye shi a cikin sange, gidan sauronmu, don ƙura, na yayyafa wa ƙasa ruwa, muka jira ya bushe. Zafin bazara ya yi mana wannan alherin, bai daɗe ba. A jikin fim komai a juye yake, fuska fara, hula baƙa, ga shi ɗan mitsitsi. Na ɗora shi a kan farin ƙyalle a hasken ƙofa, na ɗauka da waya, na juya launin, na buɗa shi ya cika gilashin.

Hoton a karkace yake, yarinya ce ta ɗauka daga ƙasa. Ƙunar hasken ta cinye hular da saman goshi. Kuma ya motsa. Yana dariya, ya sunkuyo wajena, hannunsa ɗaya a miƙe kamar zai tare kyamarar kada ta faɗi, don haka fuskar duk ta yi dishi-dishi, ba idon da za a nuna a ce ga shi. Na sauke wayar a cinyata. Duk wannan tafiya, duk wannan duhu.

Na ce, “Inna, bai fito sosai ba.”

Ta miƙo hannu. Na sa mata wayar, ta kai ta daf da idonta na dama, wanda ya fi, ta karkata kai tana neman inda hasken zai shiga. Ta daɗe. Goggo ta leƙo ta kafaɗarta, ta ja numfashi ta rufe baki da gefen mayafi.

Inna ta ce, “Wa ya ce bai fito ba? Ai haka nake ganinku duka yanzu. Ga wuyan nan nasa. Ga yadda yake karkata kafaɗa in zai yi dariya.” Ta ɗora yatsa a gilashin, hoton ya goce, ta ce in dawo mata da shi. Na dawo da shi. “Kuma ga rigar da na ce kada ya sake sawa.”

Ba ta ba ni wayar ba sai da batirin ya mutu.

Direban gidan liman ya tafi ba mu ba shi komai ba. Sai bayan kwanaki na kai tankin da kaina, na wanke shi na goge, Goggo ta cika shi da cuku har murfin ya ƙi rufuwa sai da ta danna da gwiwa. Tsohon ya buɗe, warin ya bugi hancinsa, ya dube ni, ya dubi tankin. Ya ɗauki ɗaya ya kai baki da hannunsa mai rawa, ya ce in nuna masa fim ɗin.